Sanda Huɗu a Gida Huɗu

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma mun san wasu za su leƙo su ce me ya haɗa zauren marubuta da bututun ƙarfe. Ku ɗan yi mana haƙuri ku bi mu, maganar za ta zo gida kafin mu rufe.

Akwai wata 'yar ƙungiyar samari masu wasan kwaikwayo da muke rubuta wa gajerun wasanni, waɗanda suke nunawa a bukukuwan Sallah da tarukan makarantu. 'Yan ƙungiyar a warwatse suke: wasu a nan Kazaure, wasu a Roni da Gwiwa, akwai kuma ɗaya a Babura. Bara suka ga bidiyon 'yan wasan Indiya da na Sin a waya, mutum ya haye sanda tsayayya yana juyi, ya sako kai ƙasa, ya miƙe a gefe kamar tuta. Sai suka nace a saka irin wannan a wasa na gaba. Mu namu rubutu ne, muka rubuta. Su kuwa huɗu daga cikinsu kowa ya koma gida ya kafa sandar da zai riƙa koyo a kai. Cikin wata biyu duk huɗun suka kira mu da kuka iri ɗaya: sanda ta ƙi tsayuwa daidai. Mu aka kira saboda an san mun yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure, ana ganin mun san ɗan awo da lissafi. Muka ɗauki wani abokinmu mai walda muka fara zagaye.

Ga wanda bai san abin ba, wasa ne mai tarihi. A Indiya sunansa Mallakhamb, ma'anarsa sandar ɗan kokawa, domin asali 'yan kokawa ne ke horo a kanta. Sandar icce ce da ake shafe ta da man zurma. An nuna wasan a gasar Olamfik ta Balin a 1936, kuma jihar Madhya Pradesh ta mai da shi wasanta na jiha a 2013. A Sin sandar ƙarfe ce doguwa da ake lulluɓewa da roba, a ɗaure ta da wayoyi ta sama, 'yan wasan kuma sanye da kaya suke hawa. A Turai da Amurka an fi saninsa da rawar gidajen holewa, daga baya ya rikiɗe ya zama motsa jiki da gasa, har aka kafa masa ƙungiyar duniya a 2009. Wannan tarihi na ƙarshe shi ya sa yaranmu ba sa cewa sandar rawa a gaban iyaye, sandar motsa jiki suke cewa. Kuma gaskiyarsu ne, domin abin da suke yi ya fi kusa da na Indiya da Sin, ya kuma yi kama da lanƙwasar da masu rawar Koroso na Kano ke yi.

Me ya sa ɗan karkata ya zama abin damuwa? Idan yaro mai nauyin kilo 60 ya miƙe a gefen sanda kamar tuta, tsakiyar nauyinsa tana kusan mita guda daga jikinta. Kamar ka saka wa sandar sifana mai tsawon mita ɗaya ne, ka rataya fiye da buhun siminti a ƙarshenta. In kuma yana juyawa, wannan ƙarfi zagayawa yake yi, ya ja gabas, ya ja arewa, ya ja yamma. Sandar da ta tsaya cak tana raba wannan ja daidai. Wadda ta karkata kuwa, kowane zagaye ƙara mata karkata yake yi, har ranar da za ta zame da mutum a kanta, wataƙila kansa na ƙasa. Karkatar digiri ɗaya kacal a sanda mai mita 3 tana nufin kanta ya kauce daga gindinta da kusan santimita 5.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A hatsi haka ne. A sanda kuwa ido yana auna abu ne da maƙwabcinsa, da bango ko bakin ƙofa, kuma ba kowane bango ne a miƙe ba. Saboda haka kayan aikinmu na farko zare ne mai ƙwari da dutse ɗan madaidaici. Mu ɗaura ɗan guntun kara a kan sandar ya fito gefe kamar taƙi guda, mu rataya zaren a jikinsa, dutsen ya sauko kusa da ƙasa, mu jira ya daina lilo. Sai mu auna tazarar da ke tsakanin zare da sanda a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. In na sama da na ƙasa sun bambanta, sandar ta karkata. In sun zo ɗaya amma na tsakiya ya saɓa, bututun ne da kansa ya tanƙware. Daga nan mu mai da karan wani gefen, in da yana duban gabas yanzu ya dubi arewa, mu sake awon. Sanda tana iya miƙewa sarai ta fuska ɗaya alhali ta kwanta ta ɗaya fuskar, kuma wanda ya tsaya wuri guda ba zai taɓa gani ba. Muna da ma'aunin magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, amma shi ma sai an gwada shi: ka ɗora shi ka duba, ka juya shi kai ya koma gindi ka sake dubawa. In ƙwayar ta sauya wuri, ma'aunin ne ke da ciwo. Zare da dutse kuwa ba sa lalacewa, tunda komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Kazaure

Shugaban ƙungiyar shi ya fi kowa kashe kuɗi. Ya sayo irin ta ƙasar waje daga Kano, mai sheƙi, mai kaurin milimita 45 irin wanda ake gasa da shi, gunduwa-gunduwa a kwali. Irin wannan ba a huda mata ƙasa ko rufi. Tana da faifai a sama da faifai a ƙasa, sai a murɗa wani zare a jikinta ta ƙara tsawo, ta tokare tsakanin daɓe da silin. Kukansa shi ne kullum ya ɗaure ta da dare, da safe sai ya tarar ta saki, ya ƙara murɗawa, ta ƙara saki, kuma in ya sa ta a yanayin juyawa sai ta riƙa cijewa.

Da muka ɗaga kai sai muka ga zobe ya fito a jikin farin silin, daidai girman faifan sama, da 'yar tsaga tana tafiya wajen fanka. Muka sa tsani abokinmu ya leƙa ta ƙofar silin da fitilar waya. Abin da ya gani shi ne abin da ke saman yawancin gidajen haya na zamani: silin ɗin rataye yake da siraran katakai da igiya, manyan katakan da ke ɗauke da kwano kuma suna can sama da shi, ba abin da ya haɗa su da inda faifan ya tokare. Wato duk murɗin da yake yi, silin yake ɗagawa. An ƙera irin wannan sanda ne don gidajen da ake samun katako mai kauri ko kankare daf da bayan silin. Cijewar kuma daga yawan murɗin take da karkatar da ta biyo baya, domin abin juyawar ba ya son matsi fiye da kima, ba ya kuma son a danne shi ta gefe guda.

Muka zaga gidan muna ƙwanƙwasa. A baranda muka sami kankare da aka zuba tsakanin ginshiƙai biyu, in ka buga ba ya amsawa. Nan muka mai da ita. Sai ga wata sabuwa: an yi wa daɓen baranda gangara don ruwa ya riƙa fita, saboda haka faifan ƙasa gefe ɗaya ne ke zaune, ɗayan za ka iya zura takarda a ƙarƙashinsa. Kafinta ya fere mana katako mai faɗi, gefe ɗaya ya fi kauri daidai da gangarar, muka shimfiɗa roba a ƙasansa. Kafin nan mun bi tayil ɗin da makulli muna bugawa ɗaya bayan ɗaya, muka kauce wa waɗanda ke ƙarar holoƙo, don su ne ke fashewa in an danna su. Muka kuma kwance gaɓoɓin sandar muka sake haɗawa a kwance a ƙasa, kowane noti ya shiga gurbinsa, kafin a tayar da ita. Da zare ya nuna daidai ta fuska biyu, ta koma juyawa da ɗan yatsa. Abin da ya rage shi ne mai gida. Ya zo ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya ce, “Malam, ni ɗaki na ba ka haya, ban ba ka filin wasa ba.” Kuɗin gyaran silin daga aljihun shugaba ya fita.

Gwiwa

Na Gwiwa ba shi da kuɗin ta waje, amma yana da dabara. Ya samo bututun ruwa, ya ɗora shi a kan jak ɗin mota, ya tokare shi da rufin ɗakinsa. Gidan na ƙasa ne, rufin azara, ginin kakansa. Kukansa shi ne duk yadda ya daidaita ta da bango, in ya hau sai ya ji tana jan sa gefe guda.

Zare ya warware wannan cikin minti biyu. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa in ya yi sama, haka magina ke yin sa don ya ɗauki kansa. Wanda ya daidaita sanda da fuskar irin wannan bango ya kwantar da ita ke nan da hannunsa. Amma abin da ya tsayar da mu shi ne 'yar ƙasa mai laushi da muka gani ta taru a kan jak ɗin, tana zubowa daga tsakanin azara.

Kakan yana zaure, tsohon magini ne. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, ko za ku zo ku duba mana wani abu?” Ya shigo ya ɗaga kai, bai ko kalli sandar ba. Ya ce, “'Ya'yana, azara kaya take ɗauka daga sama. Ba a taɓa ce mata ta ɗauka daga ƙasa ba.” Sannan ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take shekaru. Amma ba ta iya tsallake faɗi mai yawa ita kaɗai, ba ta cika mita 2 ba sai ta fara lanƙwasa. Don haka ake gicciya ta a kusurwa, ko a tsayar da ginshiƙi, ko a yi bakan gizo, irin fasahar da Babban Gwani ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin da ke riƙe azara a wurinta nauyin ƙasar da ke kanta ne. In ka tura ta sama ko da kaɗan, yaɓen makuba da ke bisa soro zai tsage, ba kuma za ka sani ba sai marka ta sauka a Agusta, ruwa ya sami hanya, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi a kan mai barci.

A nan babu abin daidaitawa. Muka sassauta jak ɗin a hankali, tsoho ya sa aka hau soro aka duba, aka tarar da tsaga kamar zare, aka yaɓe ta tun rani. Jikan bai ji daɗi ba, don yana son koyo a ɓoye har sai ya ƙware. Kakan ya ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya nuna masa wani lungu a bayan rumbu inda ƙasar ke da tauri, ya ce ya kafa a can. Yadda aka kafa ta kuwa a Babura muka fara gwada shi.

Babura

Wannan ita ce ta fi tayar mana da hankali, domin kafin mu je an riga an yi rauni. Yaron ya kafa bututunsa a tsakar gida, rami iya gwiwa, ya zuba siminti rabin buhu, bayan kwana biyu ya fara hawa. Babura kuwa, can kusa da iyakar Nijar, ƙasar rairayi ce. Da ruwan farko ya sauka sai ƙasar ta saki, sandar ta sunkuya. Ƙaninsa ɗan shekara goma ya hau da yamma, dunƙulen simintin ya juya a cikin rami, yaro ya faɗo a kan hannu ya yi targaɗe. Mahaifinsu ya ce a tumɓuke ta, labari kuma ya kai wa iyayen sauran, kowa ya fara cewa a bar wannan wasa.

Muka fara da gaisuwa da duba mai jiki, ba mu ambaci sanda ba sai da aka kawo ruwa aka sha. Sannan muka roƙi uban ya bari mu tono ta a gabansa. Dunƙulen da ya fito bai fi tulu ba, kuma da aka buga shi da bayan fartanya sai ya ruguje, alamar bai sha ruwa ba, bai kuma sami kwanakin da zai yi ƙwari ba. Muka ce, “Baba, ku ba mu mako huɗu. In kun gwada da hannunku ta motsa, mu da kanmu za mu cire.” Ya yi shiru, can ya ce Allah ya kai mu.

Ga yadda muka yi. Bututu guda yana zuwa da tsawon kusan mita 6, muka yanke mita 4, ɗaya a ƙasa uku a sama. Abokinmu ya gicciya guntayen rodi biyu ya yi musu walda a gindin, don kada bututun ya riƙa juyawa a cikin kankare, ya kuma toshe bakin sama don ruwa kada ya taru ya ci shi da tsatsa daga ciki. Rami a rairayi rushewa yake yi tun kana haƙa, saboda haka muka jiƙa wurin tun dare, muka kuma zura tsohon duro da aka cire wa gindi ya riƙe gefuna. Kwaɓin kankare muka yi na ƙa'ida: siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Kafin a zuba komai muka tokare sandar da katakai uku, kowanne da turkensa, muka daidaita da zare ta fuska biyu. Aka zuba rabi muka sake awo, aka cika muka sake, domin kankare yana ture bututu yayin da ake zuba shi ana soka masa sanda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kankare ma haka, in ya kwana maganar gyara ta wuce.

Aiki mafi wuya shi ne jira. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Wa zai hana yaran unguwa hawa har tsawon wannan lokaci? Mahaifiyarsu ce ta ɗauki nauyin. Ta kewaye wurin da ƙaya, safe da yamma ta juye masa ruwa, wanda duk ya matso ya ji muryarta daga madafa. Ranar da wa'adi ya cika uban ya zo ya kama ta da hannu biyu ya jijjiga, ya jingina da kafaɗa ya tura. Bai ce komai ba, ya dai sa aka kawo buhunan ƙaiƙayi aka jera a gindinta, aka ɗora tsohuwar katifa.

Roni

Wanda ya san Roni ya san duwatsunta. Yaron can ya fara haƙa, bai kai kamu biyu ba diga ta fara tartsatsi. Sai wani ya ba shi shawara mai kyau: ya yi yadda ake kafa fitilun sola na kan titi. Ya zuba faffaɗan kankare a kan dutsen, mita ɗaya ta kowane gefe, kauri santimita 40, wanda nauyinsa ya kusa tan guda, ya dasa ƙusoshi huɗu masu zare a ciki. Aka yi wa bututun faranti na ƙarfe a gindi mai huda huɗu. Kankaren ya kwanta sumul, ma'auni ya shaida. Amma da aka ɗaure sandar sai ga ta tana duban kudu.

Abokinmu ya durƙusa ya kalli waldar, ya gane tun kafin mu rataya zare. Wanda ya yi aikin ya fara daga gefe guda ya zagaye a tafiya ɗaya. Ƙarfe in ya narke ya huce tsukewa yake yi, sai gefen da aka fara ya ja bututun wajensa. Yadda ake yi shi ne a ɗiga walda a wuri huɗu tukuna, a duba da ma'aunin kusurwa, sannan a riƙa yin gefe da kishiyarsa bi da bi. Da muka rataya zare kuma sai ya ƙara tona wani abu: awon tsakiya ya saɓa da na sama da ƙasa. Muka kwance ta muka mirgina a kan daɓen siminti, tana tafiya tana ɗingishi. Bututun marar kauri ne, kuma a kan mota aka ɗauro shi daga kasuwa, an ja igiya ta gaba da ta baya har ya yi baka.

Wannan ba ya gyaruwa, wanda ya tanƙware sau ɗaya zai sake. Aka sayo mai kaurin jiki milimita 3, irin da ake kira inci ɗaya da rabi, wanda faɗinsa ta waje yake kusan milimita 48, kusa da na gasa. Aka yi sabuwar walda, aka ƙara 'yan ƙarafa huɗu masu kusurwa uku tsakanin faranti da bututu. Muka kuma ari wata dabarar masu fitilun titi: noti a ƙarƙashin faranti, noti a samansa, a kowace ƙusa. In sanda ta karkata sai ka ɗaga na ƙasa a wannan gefe ka sauke na wancan, har zare ya yarda, sannan ka ɗaure na sama, ka cike ƙarƙashin farantin da siminti. Kawunan ƙusoshin kuma aka rufe su da katako da katifa don kada su tsaga ƙafa.

Sandunan waje guda uku duk mun naɗe su da robar cikin tayar babur, an yanka ta siri-siri. Dalili biyu ne. Yaranmu da riga da wando suke hawa, tufa kuwa zamewa take a kan ƙarfe mai santsi, shi ya sa 'yan Sin ke lulluɓe tasu. Sannan ƙarfen da ya sha ranar Afrilu ba ya taɓuwa da hannu.

Ba a gama da sanda ranar da aka kafa ta. Da hunturu ya shigo, ta Kazaure ta sake yin sako-sako, alhali ba wanda ya taɓa ta. Ƙarfe mai mita 3 yana raguwa da kusan milimita 0.7 in sanyi ya sauko da digiri 20, katakon da ke ƙarƙashinta kuma ya bushe ya tsuke. Ga sandar da matsi kaɗai ke riƙe da ita, wannan ya isa. Don haka muka kafa musu doka: kafin kowane hawa a kama a jijjiga da ƙarfi ƙafa na ƙasa, kowace Juma'a a rataya zare ta fuska biyu, bayan kowane ruwa mai ƙarfi a duba gindi, kuma ba mai sako kai ƙasa sai da wani a tsaye kusa da shi. Sun yi wasansu a Babbar Sallah, a kan sandar da aka ɗaure da wayoyi uku a fili, kowa ya koma gida da ƙafarsa.

To, 'yan uwa, ga inda maganar ta zo gida. A gidaje huɗun nan sau ɗaya ne kawai laifin ya kasance a jikin bututun. Sauran duk a inda ya taɓa gida ne, sama ko ƙasa, kuma ba mu gane ba sai da muka leƙa bayan silin, muka tono rami, muka zauna gaban tsohon magini. Da muka dawo muka buɗe labaran da muke rubutawa a wannan zaure, har da namu, sai muka ga kusan kowane falo yana da silin mai ado da fitilu masu launi, kowane gidan ƙauye kuma “ginin ƙasa ne” kawai, a wuce. Ba mu ci karo da labarin da jaruminsa ya san abin da ke riƙe da rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa ba. Alhali a cikin wannan 'yar tafiya akwai ɗan haya da mai gida, akwai jika mai son ɓoye abu da kakan da ya gane da kallo ɗaya, akwai uwa da ta tsare kankare mako huɗu don ɗanta ya samu abin da uban ya hana. Duk waɗannan labarai ne, kuma ba za su rubutu da kyau ba sai marubuci ya san bambancin azara da katako, ya san dalilin da walda ke ja.

Akwai kuma maganar kalmomi. Sau da yawa a wannan rubutu mun tsaya muna kewaye, muna cewa ma'auni mai ƙwayar iska, ko ƙusa mai zare, ko 'yan ƙarafa masu kusurwa uku. Masu sana'ar suna da sunayen da suke kiran su a bakin aiki, wasu na Hausa tsantsa, wasu aro da aka lanƙwasa, kuma na Babura ba lallai ya zo ɗaya da na Kano ba. Tsohon Gwiwa kaɗai ya ambaci sunayen sassan rufi da yawa a zama guda, muna ta rubutawa a bayan takardar siminti. Irinsa suna ƙarewa, samari kuma bulo suke koyo.

Shawararmu ga wannan mako ita ce kowa ya ware yini guda ya je ya zauna wurin mai sana'a ɗaya a unguwarsu, magini ko mai walda ko kafinta ko mai ɗori. Ya tambaye shi abin da ya fi lalacewa a aikinsa da yadda yake gano shi, ya rubuto sunayen kayan aikinsa yadda ya faɗe su. Wanda ya samo ya kawo mana nan mu haɗa. Wanda kuma ƙaninsa ya kafa irin wannan sanda a gida, don Allah yau ɗin nan ya nemi zare da dutse ya auna ta, gabas da arewa.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.